Da shekara biyu ko sai ta cika uku? Maganar kai Ilham makaranta

Maman Ilham: Salamu alaikum 'yan uwa. Ilham ta cika shekara biyu da wata uku. Jiya na leƙa wata makarantar Montessori a unguwarmu, shugabar ta ce min duk yaron da bai shiga da shekara biyu ba, to ya makara. Ni dai raina bai kwanta ba. Wata huɗu ke nan da yaye ta, ko fo ba ta gama sabawa da shi ba. Don Allah me kuke gani?

Yaya Babba: Wa alaikumus salam. Ki kai ta, ƙanwata. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Sadiq da shekara biyu na sa shi, kafin ya cika huɗu ya haddace ABCD, yana ƙirge har ɗari.

Anti Malama: Yaya, ka yi min afuwa, amma wannan magana ta makara ba daga mai tsarin ta fito ba. Maria Montessori likita ce 'yar Italiya. Ranar 6 ga Janairun 1907 ta buɗe ajinta na farko a San Lorenzo, unguwar talakawa a birnin Rum, saboda yaran da iyaye ke bari a gida su tafi neman abinci. Babban ajin tsarin har gobe na 'yan shekara uku zuwa shida ne, a haɗe a ɗaki ɗaya. Yaro yana shekara uku cur a nan, ya shiga yana ƙarami yana kallon manya, ya fita shi ne mai nuna wa na ƙasa. Akwai ajin 'yan ƙasa da uku, daga wajen wata 18, amma abin da ake yi a can shi ne wanke hannu, sa takalmi, zuba ruwa daga 'yar buta zuwa kofi, da koyon magana.

Yaya Babba: To ai ga shi da bakinki kin ce akwai ajinsu.

Anti Malama: Akwai, Yaya, sai dai ba ajin haddar ABCD ba ne. Ko a babban ajin, harafi da takarda mai kaushi ake yanka shi, irin wadda kafinta ke goge katako da ita, yaro ya bi shi da yatsa biyu yana furta sautinsa. Kuma sai malama ta ga ya nuna sha'awa take kawo masa.

Gwaggo: Ni fa 'yan nan, duk abin da Malama ta lissafa na ƙanana, a tsakar gida kuka koye shi. Ke Maman Ilham da shekara biyu kina biye da ni da guntun tsintsiya, ina tsintar shinkafa kina taya ni a murfin kwano, kina girkin ƙasa a gwangwanin madara. Ba wanda ya je makarantar allo cikinku sai da bakinsa ya buɗe sosai. Yarinyar da ba ta iya cewa an dake ni ko ina jin fitsari ba, ina za a kai ta?

Maman Yusra: Gwaggo, Allah ya ƙara girma, gaskiya kika faɗa, amma wancan gidan babu shi yanzu. Gidanki akwai kaka, akwai yara goma a tsakar gida. Ni ƙarfe bakwai nake fita asibiti, gidan sama muke, ƙofa a kulle. Da ban kai Yusra ba, wuni za ta yi gaban talabijin ita da 'yar aiki. Da wata ashirin na kai ta, sati biyu tana kuka ina kuka a mota, daga baya ta sake, bakinta ma a can ya buɗe.

Anti Malama: Mai irin halinki ba wanda zai ga laifinta. Abin da ke ci min rai shi ne a tsorata uwar da ke gida da yarinyarta. Sannan sunan Montessori ba mallakar kowa ba ne, duk mai so yana rubuta shi a allon ƙofa. Maman Ilham, ki nemi a bar ki ki zauna cikin ajin da safe. Ki duba ko kantocin kaya sun yi daidai da tsayin yara, ko yaro da kansa yake ɗauko abin da yake so ya shimfiɗa 'yar tabarma ya yi ta aikinsa ba a katse shi ba, ya gama ya mayar. A babban aji har awa uku ake bar musu haka.

Kawu: Na karanta duka. Ko a manufar ilimi ta Najeriya ta 2013, shekara ɗaya aka ware ta share fage ga ɗan shekara biyar, ya shiga firamare da shida. To ta ina 'yar shekara biyu ta makara? Ni damuwata ma harshe ne. Jikana ya dawo bai iya gaishe ni da Hausa ba.

Yaya Babba: Kawu, wannan kuma aikin gida ne. Ni har yanzu ina kan bakana, wanda ya fara da wuri ya fi sakin jiki da mutane.

Maman Ilham: Na gode ƙwarai. Anti, yanzu da kika faɗa na tuna: bencina na gani a jere suna kallon allo, malama na faɗa yara na amsawa, wani ɗan ƙarami ya kifa kai yana barci da jaka a bayansa. Har aikin gida aka ce ana ba su. Na yi magana da Babanta, za mu bar ta sai zangon Satumba mai zuwa, lokacin ta kusa uku. Kafin nan zan zagaya makarantu biyu na zauna a ajin. Gwaggo, ki ɗaure mata 'yar tsintsiya, ranar Asabar muna tafe.