Cigiyar dangi a ƙasar Ailan: wanda ya taɓa nema ya ba mu labari

Ummin Sadiƙ:
Assalamu alaikum jama'a. Akwai maganar da ta daɗe tana cina a rai, yau dai nace bari in fito da ita ko Allah zai sa a dace. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, yayi karatun likita a Dublin farkon shekarun 1960 kafin ya dawo gida ya auri mamanmu. Bayan anyi sadakar arba'in gwaggonmu, ƙanwarsa uwa ɗaya uba ɗaya, ta tara mu tace akwai amanar da ya bar mata, wai ya haifi 'ya mace da wata baturiya nas a can, ya dawo da niyyar zai koma ko ya aika a kawo ta, daga baya wasiƙu suka yanke, har ya koma ga Allah abin na damunsa. Abin da ke hannunmu hoto ne guda ɗaya, sai sunan uwar na farko kawai, sai wani tsohon ambulan. In tana raye yanzu ta haura sittin, yayarmu ce kenan. Ban taɓa taka Ailan ba ban san ta inda ake farawa ba. Don Allah duk wanda ya taɓa neman wani a ƙasar nan ya faɗa mana yadda yayi.

Baban Zara (Cork):
Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan baba, ya sa ya huta. Ni na nemi dangi amma ta ɓangaren matata, 'yar nan ce, ina so yarana su san asalinsu ta kowane gefe. Abu na farko da kowa zai faɗa miki a nan shine takardu sun ƙone, kuma gaskiya ne amma ba duka ba. A ƙarshen watan Yuni 1922, farkon yaƙin basasarsu, ma'ajiyar takardun gwamnati da ke Four Courts a Dublin ta kama da wuta, ƙidayar 1821 zuwa 1851 kusan duk ta tafi sai ɗan abin da ba a rasa ba. Ta 1861 zuwa 1891 kuma gwamnati ce da kanta ta lalata tun kafin gobarar. Amma ta 1901 da 1911 suna nan lafiya lau, kyauta ma ake duba su a intanet, ma'ajiyar tarihin ƙasa ta ɗora.

Ranar da na buɗe fom ɗin 1911 na gidan kakan kakarta wlh jikina yayi sanyi. Ga sunan kowa da shekarunsa da addininsa, ko ya iya karatu, ko yana jin yarensu na asali ko turanci kawai. Maigidan bai iya rubutu ba sai ya zana alamar X ɗan sandan da ya karɓi fom ya sa hannu a matsayin shaida. A layin matar an tambaya 'ya'ya nawa ta haifa, nawa ke raye, aka rubuta tara da biyar. Akwai wani fom ɗin daban da ya faɗi ɗakuna nawa ne a gidan, tagogi nawa a gaba, rufin ciyawa ne ko wani abu. Surukata tana kallon wayar tana hawaye tace bata taɓa sanin an rasa yara huɗu a gidan ba.

Amma fa ba don ta tuna sunan ƙauyen ba da ba mu je ko'ina ba. Sunan gidansu irin wanda ya cika gundumar Cork ne, in ka rubuta shi ɗaruruwa zasu fito maka. Su suna da ƙananan yankuna da suke kira townland, sama da 60,000 a tsibirin, wani gonaki kaɗan ne kawai, to wannan sunan shine mabuɗi.

Sani_Dundalk:
Baban Zara ka manta batun shekaru. Ni wani abokin aikina na taya dubawa, kakarsu a 1901 tana da 52, a 1911 ta zama 71, muka ce ai ba ita bace. Ashe ita ce. An kawo fanshon tsofaffi a 1909 ga wanda ya kai 70, kuma rajistar haihuwa ta gwamnati sai 1864 ta fara, to waɗanda aka haifa kafin nan babu takarda, shekaru suka ɗaga sama a ko'ina. Kar wanda ya yar da suna saboda shekaru basu daidaita ba.

Ummin Sadiƙ:
Na gode ƙwarai yayyena. To amma ni tawa ta shekarun 1960 ce, zan same ta a waɗannan?

Anti Nas (Galway):
A'a ƙanwata, naki daban ne, ki saurare ni da kyau don na ga irinsa da idona. Takardun haihuwa da ake gani kyauta a irishgenealogy.ie sai wanda ya wuce shekara 100, na aure 75, na mutuwa 50, saboda haka yayarki bata ciki.

A gidan kula da tsofaffi nake aiki. Akwai wata baiwar Allah da nake kula da ita, bazan faɗi sunanta ba, a irin gidajen nan ta girma da ake kai matan da suka yi ciki ba aure, mata masu zaman coci ke tafiyar da yawancinsu gwamnati na biya. A lokacin yarinya in ta samu ciki a haka iyayenta ɓoye ta suke, ta haihu a can, a raba ta da jaririn, wani a ba wasu su riƙa, wani a kai shi Amurka, wani ya girma a makarantun marayu. Kwamitin da ya bincika ya fitar da rahoto a Janairu 2021, yace gidajen da ya duba tsakanin 1922 zuwa 1998 mata kusan 56,000 da yara kusan 57,000 suka bi ta cikinsu, yara wajen 9,000 suka mutu a ciki. Firaminista Micheál Martin ya tsaya a majalisa ya nemi gafara. Nan kusa da mu a Tuam ne wata mai binciken tarihi Catherine Corless ta tono takardun mutuwar yara 796 da ba a san kabarinsu ba.

Bana faɗa miki wannan don in tsorata ki, amma ki shirya zuciyarki. Yaran da ubansu ɗan Afirka ne, kuma da yawa ɗalibai ne irin babanku, sun fi shan wuya don ba kasafai ake ɗaukarsu riƙo ba, sun fi daɗewa a gidajen. Suna da ƙungiyarsu ma, Association of Mixed Race Irish, kuma da yawansu har yau uban suke nema, wani abin da ya sani kawai shine an rubuta a fayil cewa uban ɗan Najeriya ne ɗalibin likita. Kinga kenan yana yiwuwa kina nemanta tana nemanku.

Abin da ya canza shine dokar 2022 ta bayanan haihuwa da neman dangi. Tsohuwar nan tawa na zauna da ita muka cike fom, aka ɗau lokaci sosai har ta fara cewa zata mutu bata gani ba, sai ga ambulan mai kauri. Ta sa gilashi tana bin layi da yatsa, ta tsaya a kan sunan uwarta tana maimaitawa a hankali, ta juyo tace min ashe sunan da uwar ta raɗa mata ba shine wanda ake kiranta da shi ba duk rayuwarta. Dokar ta kafa rajista a hannun hukumar riƙon yara ta ƙasa inda mutum zai sa sunansa yace yana son a sada shi ko baya so, kuma 'yan'uwa na jini ma suna iya sa suna, ba sai kina Ailan ba. Ki duba birthinfo.ie, kyauta ne, su da Tusla, hukumar kula da yara da iyali ta ƙasar, suke aikin. Ki sa sunan babanku cikakke da duk yadda ake rubuta shi da shekarun da ya zauna a Dublin.

Abu Huzaifa:
Allah ya saka da alheri. Ni dai shawarata kafin a zurfafa a zauna da malami a ji hukuncin nasaba da gado, kar a tado abin da zai raba gida. Kuma mahaifiyarku ta sani?

Ummin Sadiƙ:
Malam na gode. Mama ta sani, ita ce ma tace mu nema, tace marainiya ce kamar mu. Maganar gado zamu kai wa malamai in lokacin yazo, yanzu so nake ta san ubanta bai manta da ita ba.

Ɗan Tudun Wada:
Ni nemo ni aka yi. Ina Ingila na yi gwajin DNA na kamfanin Ancestry, irin wanda zaka tofa yawu a 'yar kwalba ka aika, don kawai in ga me zai ce. Can sai ga saƙo daga wani dattijo a Dublin wai na'ura ta nuna mu dangi ne na kusa, yana tambaya cikin ladabi ko na san wani daga arewacin Najeriya da ya zauna a can. Na kira gida, aka yi ta noƙe-noƙe, sai wata innarmu tace ai baffa ne, wan babana. Baffa ya riga ya rasu. Na tura masa hoton baffa sanye da babbar riga da hula, ya daɗe bai amsa ba, da ya amsa cewa yayi bai taɓa ganin fuskar da tayi kama da tasa ba sai yau, ya tambaya ko baffa ma yana da wushirya. Yana da ita kuwa.

Shawarata kiyi gwajin, kuma in da hali gwaggo ma tayi tun tana da rai, don 'yar uba da gwaggo kowacce tana haɗa kusan kashi 25 cikin 100 da mutum, zai fito ɓaro-ɓaro ba sai an yi ta lissafi ba. Ba a sa sunan uba a takardar haihuwa yawanci in ba aure, uwa kawai ake rubutawa, to jini ne ke cike gurbin. Ki ba mai tafiya ya taho miki da kwalbar. Kuma in kin same ta kar ku rufe ta da kira dangi goma a rana ɗaya ana bidiyo ana kuka, mu haka muke nuna ƙauna amma su yana firgita su, ki rubuta gajeren saƙo ki bar ta ta numfasa. Wata ma zata ce bata so, wannan haƙƙinta ne.

Hajiya Babba:
'Ya'yana sannunku. Nawa ba dangi na jini bane. Na yi St Louis ta Kano, sistocin nan daga Monaghan suka zo Kano a 1948. Akwai wadda ta koyar da mu lissafi, lokacin da babana yaso cire ni a yi min aure ita ta taka har gidanmu ta zauna a zaure tana roƙonsa da Hausarta mai karye-karye. Da na tsufa nace sai na gode mata. Jikana ya nemi sunanta ko'ina babu, ashe sunan da muka sani na shiga zaman coci ne, na gidansu daban. Sai da muka rubuta wa ƙungiyar tasu kai tsaye, suna da ma'ajiya kuma suna amsawa, suka ce ta rasu, suka haɗa ni da 'yar ƙaninta. Har yau muna gaisawa, ta turo min hoton ajinmu da aka samu a kayanta, da sunayenmu a baya da rubutun hannunta. Masu neman fada ko sista da suka yi aiki a Kaduna ko Jos ko Yola ku fara gano ƙungiyarsu, na SMA, ƙungiyar fada-fada masu aikin mishan a Afirka, gidansu na Cork.

Maman Iman (Boston):
Allah sarki Hajiya. Nan Boston ai kamar rabin garin jikokin 'yan Ailan ne. Maƙwabciyata take nuna min yadda ta samu kakan kakanta. Lokacin babbar yunwa daga 1845 zuwa 1852 da dankali ya lalace mutum kusan miliyan ɗaya suka mutu wasu miliyan ɗaya suka bar ƙasar, gida ya watse, wa ya sauka Kanada ƙanwa ta sauka New York ba wanda ya san inda wani yake. To akwai jarida a nan, Boston Pilot, daga 1831 har 1921 tana buga sanarwar neman waɗanda suka ɓata, tamkar cigiyar da muke ji a gidan rediyon Kano, wane ɗan gari kaza, rabon da a ji shi shekara kaza, 'yar'uwarsa na nema. A irin wannan sanarwar ta ga sunan ƙauyensu, daga nan ta shiga littattafan baftisma na cocin Katolika da laburaren ƙasar Ailan ya ɗora kyauta a 2015. Tace ta sha wuya don rubutun hannu ne kuma da Latin wasu, James ya koma Jacobus, William ya koma Gulielmus, ga shi O da Mac na farkon suna wani lokaci a sa wani lokaci a cire.

Baban Zara (Cork):
Ummin Sadiƙ na dawo kan ambulan ɗin nan, kar ki raina shi. Ki ɗauki hoton hatimin gidan waya ki turo min ta akwati. In kan sarkin an rubuta Éire to daga jamhuriyar Ailan yake, kuma sunan garin da yarensu zai fito, Baile Átha Cliath shine Dublin, Corcaigh Cork, Gaillimh Galway, Luimneach Limerick, kwanan watan ma zai rage mana shekarun da zamu duba. In kuma kan sarauniya ne to ko Ingila ko Belfast, don da yawa Ingila suke tsallakawa su haihu, kuma dokar 2022 ta jamhuriya ce, Ailan ta arewa inda Belfast take ofishinsu daban. Ofishin rajista yana da ɗakin bincike a Dublin inda ake biyan kuɗi kaɗan a duba jerin haihuwa na shekarun da basu hau intanet ba, ina shiga Dublin lokaci-lokaci zan iya leƙa miki, amma da sunan gidan uwar ake nema, sunan farko kaɗai bazai yi ba. Ki koma wajen gwaggo ki zauna da ita ba cikin mutane ba, ki tambaye ta ko akwai sauran wasiƙu a tsohuwar akwatinsa, da sunan asibitin da nas ɗin tayi aiki, da abokan karatunsa da suka dawo tare in akwai mai rai a cikinsu.