Neman shawara: zan kai Hajiya da yara yawon buɗe ido Kerry, ta ina zan fara?

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina zaune a Dublin, mahaifiyata ta zo mana hutu daga Kano, kuma tun da ta sauka ba ta ga komai ba sai unguwarmu da kantin cefane. Ina so in ɗauke ta da yarana biyu mu yi 'yan kwanaki a Kerry, can kudu maso yammacin Ireland, wajen tsakiyar Agusta. Matsalar ita ce Hajiya tana fama da gwiwa, ba ta iya doguwar tafiya ko hawa bene. Maigida kuma ya nace sai mun je tsibirin Skellig Michael, wai wanda bai je can ba bai je Kerry ba. Mu yi masauki a Killarney ko Dingle? Mu yi tuƙi ko mu bi motar 'yan yawon buɗe ido? Sannan yaya batun abinci da salla? Waɗanda suka san wurin don Allah ku taimaka.

Ɗan Zariya a Cork:
Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Ki sauka a Killarney, kada ki ma yi dogon tunani. Jirgin ƙasa daga tashar Heuston yana kai ki cikin garin a awa uku da 'yan mintuna, galibi da canji a Mallow, kuma gandun dajin Killarney a bakin garin yake. Shi ne gandun ƙasa na farko a Ireland, tun 1932 da masu gidan Muckross suka ba gwamnati filin kyauta, ya fi hekta 10,000, kuma shiga ba a biyan ko sisi. Sai dai idan za ku shiga cikin gidan Muckross ɗin, wanda aka gama ginawa a 1843, nan ne ake yankar tikiti. Lambun da ke gabansa shimfiɗaɗɗe ne, ga kujeru, ga tafki a gabanki. Hajiya za ta zauna ta sha iska, yara su yi ta guje-gujensu.

Batun Skellig kuwa, ki ce wa maigida ya yi haƙuri. Matakala ce ta dutse sama da 600, ba abin riƙewa a yawancin wuraren, ƙasa kuma teku. Ko mai lafiyar gwiwa sai ya yi nishi.

Maman 'yan biyu, Limerick:
Gaskiyar Malam ce. Kuma ko da Hajiya ba ta cikin tafiyar, ba wurin da za a tashi da safe a ce yau za a je ba ne. Mutum 180 kacal ake bari su sauka a rana, daga tsakiyar Mayu zuwa ƙarshen Satumba, mutane suna kama gurbi tun watanni kafin lokacin. Ranar ta zo kuma teku ya tashi, masu jiragen Portmagee, ƙauyen da ake tashi zuwa tsibirin, su ce yau babu fita, shi ke nan. Wurin dai abin mamaki ne, ban musa ba: masu ibadar Kirista ne suka je suka gina 'yan ɗakuna da duwatsu zalla, ba siminti ba laka, a kan tsauni tsakiyar teku, fiye da shekara dubu da suka wuce. UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihin duniya a 1996. Amma idan maigida ya matsa, ya je shi kaɗai wata rana.

Abin da zan ce ki yi wa Hajiya shi ne keken doki. A tsakiyar Killarney suke jere, masu tuƙin suna da baki, za su lulluɓe mata ƙafa da bargo su bi da ku ta cikin dajin har fadar Ross. In an yi sa'a ku ga jajayen bareyin nan suna kiwo a gefen hanya, ba sa ma ɗaga kai. Ki tambayi kuɗin kafin ku hau, kuma ki ce zuwa da dawowa ne. Fadar tun ƙarni na 15 take, ta dangin O'Donoghue, sojojin Cromwell na Ingila suka karɓe ta a 1652. Kada Hajiya ta shiga ciki, matakalar matsattsiya ce mai murɗewa. A bakin fadar akwai jirgin ruwa mai rufi da gilashi da ke zaga tafkin Leane kamar awa guda, shi za ku hau. Ban da buɗaɗɗun kwale-kwalen masu yawon Gap of Dunloe, wani matsatsin kwari tsakanin tsaunuka, in ruwa ya sauko a tsakiyar tafki ba inda za ku ɓuya.

Injiniya, Galway:
Ni kam ban yarda a tsallake Dingle ba. Killarney a Agusta cike take maƙil, otal tsada. Hanyar Slea Head da ke bayan Dingle ta fi Ring of Kerry, babbar hanyar zagayen nan ta 'yan yawo da ke tashi daga Killarney, kyau a ganina, ta fi gajarta, kuma can ne za ki ji mutane suna magana da harshensu na asali, ba Turanci ba. Daga cikin mota ma Hajiya za ta ga komai.

Ɗan Zariya a Cork:
Injiniya, kyau kam akwai, amma wa zai yi tuƙin? Akwai wuraren da hanyar ba ta ɗaukar mota biyu, gefe ɗaya dutse, ɗaya gefen rami. Jirgin ƙasa kuma ba ya zuwa Dingle. Daga Killarney za su iya zuwa su dawo a yini ɗaya in suna so.

Anti, Tralee:
'Yata, a nan nake zaune, bari in ƙara miki abin da ba su faɗa ba. Ring of Kerry kilomita 179 ce, kuma kada wannan lamba ta ruɗe ki, yini guda take ci saboda kwana-kwana da tsaye-tsaye. Manyan motocin 'yan yawo duk ta Killorglin suke farawa don kada su haɗu da juna a matsatsi. Ki sani daga 10 zuwa 12 ga Agusta ake bikin Puck a Killorglin, inda suke kamo bunsurun daji daga tsauni su naɗa masa kambin sarauta na kwana uku. Wallahi da gaske. Yara za su so shi, Hajiya za ta sami labarin da za ta ba mutanen gida, amma garin yakan cushe, ki lissafa da wannan.

Idan zaman mota yini guda zai dami gwiwarta, ku yanki guntun hanyar kawai: daga Killarney zuwa magangarar ruwan Torc, wadda 'yan mintuna ne daga wurin ajiye mota, sai ku haura Ladies View. Sunan ya samo asali ne daga matan da suka rako Sarauniya Victoria a 1861, wurin ya burge su. Tafkunan duk suna ƙarƙashinki, ba sai kin taka ko'ina ba. Ku je da sassafe, wurin ajiye motar Torc ƙarami ne.

Abinci: karin kumallon da masauki ke bayarwa akwai naman alade a ciki, kuma wannan baƙin abin mai kama da yankakken tsiran-alade da jini ake yin sa. Tun daren ki ce musu ƙwai, wake, burodi da kifi kuke so, ba sa jin haushi. Kifi kam ba a magana a Kerry, sai dai ki tambaya ko an kwaɓa fulawar suyar da giya, wasu suna yi. Ki zo da yajinki. Juma'a akwai masallaci a nan Tralee, kusan rabin awa daga Killarney a mota. Magariba a lokacin tana kaiwa wajen ƙarfe tara, don haka kuna da yini mai tsawo. Rigar ruwa ga kowa, har Hajiya, lema ba ta jure iskar nan.

Mai tambaya:
Allah ya saka da alheri, na gode ƙwarai. Mun tsaya a kan Killarney da jirgin ƙasa, sai mu ɗauki hayar mota yini ɗaya don Torc da Ladies View. Maigida ya karanta maganar matakala 600 ya yi shiru. Anti, zan yi miki magana ta sirri kan masallacin, Hajiya tana tambaya ko akwai ɓangaren mata.