Ya kuke samun masu gabatarwa a taron masu rubuta manhaja?

Mai_shirya_taro:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Dan Allah shawara nake nema. Muna da wani ɗan taro na masu rubuta manhaja da muke yi sau ɗaya a wata, kuma alhamdulillah jama'a na zuwa, wani lokacin har kujeru ba sa isa. Matsalar ita ce wanda zai tashi ya yi magana. Mu uku ne muke ta karɓa-karɓa tun da aka fara, har abin da ke kanmu ya kusa ƙarewa. Duk wata sai na tura sanarwa a guruf ɗin WhatsApp cewa mai son gabatarwa ya cike fom, kowa ya gani, wasu su ɗaga babban yatsa, amma ka buɗe fom ɗin ka tarar wayam. Abin da ya fi damuna akwai waɗanda suka fi ni sani nesa ba kusa ba, in an tashi ana hira a bakin ƙofa sai ka ji mutum yana zuba bayanin da ya isa darasi guda, amma kana cewa ya fito gaba sai ya ce shi ba gwani ba ne. Ba mu biyan kowa, aikin sa kai ne. Ku da kuka riga mu, ya kuke yi?

Tsohon_hannu:
Wa'alaikumus salam malam. Ai amsar tana cikin maganarka, wannan hirar ta bakin ƙofa ita ce ma'adinarka. Sanarwa a guruf kowa ɗauka yake da wani ake, ba da shi ba. Ka bi mutum shi kaɗai, kuma kar ka ce masa "za ka yi mana gabatarwa?" don ka ɗora masa kaya biyu ke nan, neman maudu'i da tsayuwa gaban jama'a. Kai za ka kawo masa maudu'in daga bakinsa.

Akwai wani yaro a namu taron, shiru-shiru, kullum a kujerar baya. Wata rana na ji yana ba abokinsa labarin yadda ya gano komit ɗin (wato canjin da aka adana a tarihin kod) da ya ɓata musu aiki da git bisect, wani umarni na Git, manhajar da ke ajiye tarihin kod, wai ka nuna masa inda abu yake lafiya da inda ya lalace, shi kuma ya riƙa raba tarihin biyu yana ba ka na tsakiya ka gwada, komit dubu ma gwaji kamar goma ya ishe ka. Nan take na ce masa wannan da ka faɗa yanzu, shi nake so ka maimaita ranar taro, minti goma, ba sai ka haɗa silaid ba, buɗe laftof ɗinka kawai a jona da majigi. Ya ɗan yi jim ya ce to. Ranar hannunsa na rawa a kan kibod, amma wallahi rabin ɗakin ba su taɓa jin wannan umarnin ba, kuma Git tun 2005 yake. Yanzu sau uku ke nan yana yi.

Sannan ka ba shi rana takamaimai. "Wani lokaci" ba ya zuwa.

Yar_Python:
Gaskiya ne abin da yaya ya faɗa. Ni sai da na shekara ina zuwa taro ban taɓa buɗe baki ba, kuma ba maganar ce ke ba ni tsoro ba, tambayoyin bayanta ne, kar wani ya jefo min abin da ban sani ba a gaban mutane na tsaya ina kame-kame. Abin da ya sa na yarda shi ne mai shiryawar ta ce minti 5 ne kacal, babu tambaya sai an tashi, ba za a ɗauki bidiyo ba, kuma ta zauna da ni kwana biyu kafin ranar na yi mata gwaji ita kaɗai. Ku rage tsawon, minti 45 ko gwani sai ya yi shiri na sati. A PyCon ma, taron masu amfani da yaren rubuta manhaja na Python, akwai irin waɗannan gajerun na minti biyar-biyar. Akwai kuma tsarin Ignite, silaid 20 kowanne daƙiƙa 15 yana wucewa da kansa, da PechaKucha da aka fara a Tokyo a 2003, silaid 20 daƙiƙa ashirin-ashirin. Mutum huɗu a dare ɗaya, ba wanda zai ji duk ido a kansa yake.

Mai_gadin_saba:
'Yar'uwa na yarda da gajartawa, amma silaid mai gudu da kansa kar a ba sabon shiga, in ya yi tuntuɓe sau ɗaya silaid ya wuce ya bar shi, rikicewa zai yi gaba ɗaya. A bar wa waɗanda suka saba.

Malam ka kuma kula da abu biyu. Wasu ba kunya ce ke hana su ba, wurin aikinsu ne bai yarda a nuna kod ɗinsu a waje ba, irin waɗannan ka ce su yi magana kan dabarar ba tare da sunan kamfani ba. Na biyu, in ka matsu za ka fara karɓar duk wanda ya zo, mu an taɓa yi mana haka, wani ya ce zai koyar da tsaron rumbun bayanai, ashe tallar kayan kamfaninsu ya zo yi, minti 40 cur, wata na gaba mutane suka ragu sosai. Ka nemi ganin abin da mutum zai faɗa tukuna. Watan da ba a samu kowa ba kuma ba dole sai an yi lacca ba, ku ɗauko matsala ɗaya daga wani aiki a GitHub, shafin da masu rubuta manhaja ke ajiye kod ɗinsu, ku warware tare a majigi, a nan ma za ka gane masu iya bayani.

Mai_shirya_taro:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Ina karantawa mutum biyu suka faɗo min a rai, ɗaya ta taɓa ba ni labarin wahalar da ta sha wajen mayar da tsohon aiki daga Python 2 zuwa 3 bayan an daina tallafa wa Python 2 a 2020, ɗayan kuma kullum zancensa Docker, abin da ake ƙunshe manhaja da duk kayan da take buƙata a ciki. Yau da daddare zan kira su ɗaya bayan ɗaya. Yar_Python, gwajin da kuka yi, ido da ido ne ko ta kiran bidiyo?

Yar_Python:
Ta bidiyo ne, minti 20 ma bai kai ba. Ta sa na yi sau biyu, na biyun da agogo a hannunta.