Neman Shawara: Tsohon Murhun Turawa a Ɗakin Cin Abinci, In Yi Masa Fuskar Kankare?

Maman Sadiq: Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah masu ilimin gini da masu idon kwalliyar gida ku ba ni shawara. Mun samu tsohon gida a wajen Bukuru kusa da Jos, irin waɗanda Turawan haƙar kuza suka bari, muna kan gyara kafin mu tare. A ɗakin da nake so ya zama na cin abinci akwai murhun jin ɗumi a jikin bango, da bututun hayaƙinsa har saman rufi. Wanda ya zauna kafin mu ya shafe shi da fentin mai, jan bulon gefensa duk ya gutsuttsure. Maigida ya ce a toshe shi a liƙa tayil kowa ya huta. Ni kuma na ga hotunan yadda ake yi wa irin murhun nan fuska da kankare zalla, ruwan toka, sumul babu ado, abin ya kwanta min. Daga bangon murhun zuwa bangon ƙofa mita 4 da rabi ne, faɗin ɗakin mita 4, taga ɗaya babba ta gabas. Mu bakwai ne har da Hajiya surukata, ita kuma ba ta hawa kujera, a ƙasa take cin abinci. Kankare zai jure wuta kuwa? Ɗakin ba zai zama kamar kangon da aka gaza ƙarasawa ba? Kuma ina zan ajiye tebur?

Injiniya Auwal: Wa alaikumus salam Hajiya. Ki raba aikin gida biyu, cikin murhun daban, fuskarsa daban. Inda wuta ke ci ba wurin kankare ba ne. Simintin da muke gini da shi yana fara rasa ƙarfi idan zafi ya haura digiri 300, wutar itace kuwa tana wuce 600 cikin sauƙi. Ga kuma ruwan da ke maƙale a cikin kankaren: in ya tafasa bai samu hanyar fita ba sai ya fasa shi, ɓarɓashi ya yi tsalle cikin ɗaki. Don haka ciki sai bulo mai jure wuta, irin na tandar gidan burodi na zamani, a ɗaure shi da kwaɓin da aka yi don wuta. Idan bulon Turawan na ciki lafiyarsa ƙalau, kada a taɓa shi, a cike tsagunsa kawai.

Fuskar waje, wato gefe biyu da sama, nan kankare ya dace, ɗumi kawai yake samu. Amma a bar 'yar tazara tsakaninsa da bulon ciki, a cusa igiyar nan mai jure wuta, domin zafi na sa bulo ya buɗe, in an haɗe su gam fuskar za ta tsage. Sai batun nauyi. Kankare mita 1 tsawo da faɗi da tsayi yana kai kilo 2,400. Falle mai faɗin mita 1 da rabi, tsayin mita 1.2, kaurin santimita 5, ya haura kilo 200, wato fiye da buhun siminti huɗu. Ba abin da za a manna da gam ba ne. Dole ya zauna a kan daɓe mai ƙwari, a kuma ɗaure shi da ƙarfe a jikin bango.

Abban Mimi: Ni dai ina bayan maigida. Sanyin Jos na Disamba da Janairu ne, sai ɗan na damina. Saboda wata biyu za ki ɗora wa kanki sayen itace, kwashe toka da goge baƙin hayaƙi a silin? Hita ta lantarki nawa take?

Maman Sadiq: Abban Mimi, hitar da wace wutar? Kuma in ka taɓa kwana a Bukuru cikin hunturu ba za ka ce "wata biyu" da wannan sauƙin ba.

Injiniya Auwal: Ko toshewar ma ba kyauta ba ce, Malam. Bututun da aka rufe sama da ƙasa yana tara raɓa, Jos kuma gari ne mai ruwa. Bayan damina ɗaya ko biyu sai ka ga fenti yana kumbura a bangon. Mai toshewa sai ya bar ƙofar iska a ƙasa, ya sa hula a sama.

Sista Rabi: Yaya, ni ma'aikaciyar jinya ce, ki bar maganar launi tukuna ki sa a hau a duba bututun. Gidan da ya daɗe ba a hura wuta ba, sheƙar tsuntsaye da jemagu da ɓaraguzan bulo ne a ciki, wani lokaci ma mai gyaran rufi ya rufe bakin da kwano. Bututu a toshe yana dawo da iskar guba cikin ɗaki, irin wadda ke fita daga janareta da kaskon gawayi. Ba ta da wari ba ta da launi. Ciwon kai da jiri da kasala ne farkonta, mutum ya ɗauka gajiya ce ya kwanta. Tsofaffi da yara ta fi saurin kayarwa, ke kuma duka biyun kina da su. Bayan an share, a ƙona tsohuwar jarida a ciki, wani ya tsaya waje ya ga ko hayaƙin na fita ta sama, wani ya leƙa cikin silin ko yana ɓullowa ta tsaga. Kada a zuba gawayi a rufe taga. Ki sayi ƙaramar na'urar nan mai batir da ke ƙara idan iskar ta taru, da ragar ƙarfe ta tare yara.

Baba Magini: 'Yata, Injiniya ya faɗi na takarda, ga na hannu. Kankaren ado ba irin na rufin bene ba ne da za a kira yara su juya da shebur a zuba. Duk abin da ke jikin katakon da aka zuba shi, shi zai fito a fuskarsa, har kan ƙusa. In sumul kike so, a yi akwatin da filawud mai santsi, a toshe kusurwa, a shafa mai kaɗan. In kina son zanen itace ya fito, a jera katako mara gogewa, wannan ma yana da kyau, kuma ya fi ɓoye aibu.

Yashi a tankaɗe shi a wanke, tsakuwa ƙanana, ruwa kaɗan. Lebura yana son ruwa da yawa don aiki ya yi masa sauƙi, ruwan nan shi ke kawo tsagewa. Siminti kamfani ɗaya, saye ɗaya, kwaɓi ɗaya, in ba haka ba gefen dama zai fi na hagu duhu. A sa ragar waya a tsakiya. Ana zubawa ana bubbuga akwatin da guduma har kumfa ta daina tasowa.

Kada ki yarda a yi shi a bar wa iskar hunturu. A lulluɓe da jiƙaƙƙen buhu da leda, ana ba shi ruwa mako guda cur. Wuta kuwa sai ya cika kwana 28, ita ma a fara da 'yar kaɗan. Kafin duk wannan, ki sa birkila ya zuba miki ɗan falle kamar girman faranti ki gani da idonki. Kuma ranar da aka cire katako ki tsaya a wurin, domin birkila na ganinsa zai ɗauko cokali ya ce bari ya yi masa filasta.

Maman Hanan: Ƙarin bayani kan na Baba: kankare yana shan mai. Teburin kicin ɗina da shi aka yi, ɗigon manja ɗaya ya zauna har yau. Ɗakin cin abinci kuma yara za su dafa shi da hannun miya. Akwai ruwan da ake shafawa ya shige ciki ya toshe ƙofofinsa, ki nemi mara sheƙi. Banda banish na katako, zai yi rawaya ya ɓare.

Anti Zee: To ni bari in zo kan ɗakin. Tsoronki na kango gaskiya ne, kuma abin da ke jawo shi uku ne: farin ƙwan lantarki mai haske shuɗi-shuɗi, farin tayil mai ƙyalli, da teburin gilas mai kujerun ruwan gwal. Kankare bai jituwa da su ko kaɗan. Abokinsa itace ne. Ki sa kafinta ya yi miki tebur na maɗaci ko loko mai kauri, a shafa masa mai kawai. Bango ruwan madara. Ƙwai masu haske ruwan zuma, waɗanda aka rubuta 2700K a kwalinsu, fitila ɗaya ta sauko saman tebur da tazarar santimita 75 zuwa 80.

Ga lissafin wuri. Gaban murhu a bar daɓen da ba ya cin wuta na santimita 50. Tebur mai tsawon santimita 180 da faɗin 90 yana ɗaukar mutum shida, kowa da santimita 60 nasa. Ki shimfiɗa shi a kwance yana fuskantar murhu, ki matsar da shi wajen ƙofa, ki bar mita 1.2 a bayansa don jan kujera da wucewa. Abin da ya rage tsakanin tebur da daɓen murhu mita 1.9 ne. Nan ne wurin Hajiya: darduma mai kauri ta ulu, tumtum biyu na fata. A wannan gefen ki sa benci maimakon kujeru, in an gama a tura shi ƙarƙashin tebur. Mu faɗa wa juna gaskiya, cikin hunturu duk gidan a ƙasan nan za ku ƙare, teburin sai an yi baƙi.

Saman murhu kada ki cika shi. Tukunyar Gwari ɗaya babba a gefe ta isa, ko faifai uku a bango. Labule na saƙi mai rinin shuɗi irin na Ƙofar Mata yana tafiya da ruwan toka sosai. Talabijin dai kada ta hau wurin, zafi zai lalata ta.

Malam Bazazzage: Hajiya, tunda zubawa za a yi, me zai hana a fito da dagi a jiki? Magina a cikin birnin Zariya sun daɗe suna zanen bango, da ƙasa da farko, daga baya da siminti. A sassaƙa dagin a katako a manna cikin akwatin, in an cire sai ya fito a nutse. Kin ga ba a ce kwaikwayon Turawa kika yi ba.

Anti Zee: Na yarda Malam, amma guda ɗaya ƙarami a tsakiyar sama. In aka zagaye shi da zane ya tashi daga abin da ta gani ta so.

Ummu Yasir: Nan Manchesta tsofaffin gidaje kusan kowanne da irin murhun nan, kuma da yawa ba sa zuba kankare mai kauri. Akwai wani siminti na musamman da ake shafawa da cokali, kaurin milimita 2 zuwa 3, a kan bulo ko allon siminti, ya fito tamkar kankare ba tare da nauyin ba. Ki tambaya wajen masu kayan ado na gini a Abuja ko Legas. Shi ma fuska kawai, ba ciki ba, kuma yana son mai hannu.

Maman Sadiq: Allah ya saka da alheri, na karanta wa maigida duka. Sista Rabi, kamar kin gani: an hau an tarar da kwano a bakin bututun, ga tarkacen sheƙa cike da buhu. An share, mun gwada jarida, hayaƙi ya fita ta sama, cikin silin ma babu komai. Bulon ciki guda uku ne suka fashe, za a canza. Maigida ya sauko, da sharaɗin a fara zuba ɗan fallen gwaji kamar yadda Baba ya ce. Saura abu ɗaya: Hajiya ta ji ana maganar ta ce a yi mata dakali a jiki. Zai yiwu?

Baba Magini: Zai yiwu, amma a gefe, ba a gaban wuta ba, saboda zani da mayafi. A ja shi daga ƙafar murhun ya bi bango ta wajen taga, tsayi santimita 40, faɗi 45, a dakushe bakinsa don gwiwar yara. A bar ƙarƙashinsa a buɗe ki riƙa jera itace, amma ramin itacen ya fara daga can ƙarshen da ke nesa da wuta. Ki ɗora mata 'yar katifa a kai, don kankare da asuba sanyi ne da shi. Ki gaida Hajiya.