Tankin Murjani a Gida: Abin da Masu Kiwo Suka Fi Nanatawa

Da masu kiwo suka tattauna kan kafa babban tankin ruwan gishiri na kifi da murjani, wato halittar teku mai rai da ke kama da dutse ko tsiro, nauyi aka fara ambata. Lita 500 ta ruwa kaɗai ta haura kilo 500, ban da gilashi da duwatsu, don haka a duba ƙarfin daɓe tun kafin a zuba ruwa.

Ruwan famfo ko na rijiya bai dace ba sai an tace da na'urar RO/DI, mai cire ma'adinai da datti daga ruwa. Gishirin ma na musamman ne, ba na miya ba, kusan giram 35 a kowace lita, zafin ruwan kuwa digiri 25 zuwa 26 a ma'aunin Celsius. Inda sababbin shiga ke yawan kuskure: in ruwa ya ragu saboda tururi, tataccen ruwa zalla ake ƙarawa, domin gishirin yana nan bai tafi ba.

An sha bamban kan yawan canjin ruwa, amma kowa ya yarda a bar sabon tanki makonni 4 zuwa 6 ba kifi, har ƙwayoyin bakteriya da ke cinye amoniya, gubar da ke fitowa daga kashin kifi, su zauna. Maganin kifi mai tagulla yana kashe murjani. A ganina batun ɗauke wuta ya fi komai: famfon da ke juya ruwa yana buƙatar batir, in ya tsaya na 'yan awoyi iska ta ƙare wa kifin.