Gudu ya gagare ni, jagorancin ma'aikata ma yana neman gagarata

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina Jidda, shekarata 43, ni ke kula da ma'aikata tara a wani sito da muke sauke kaya. Watan jiya likita ya ce sugana ya fara hawa, sai na ɗauri aniyar gudu a Kornish, hanyar bakin teku, bayan sallar asuba. Ranar farko na ce sai na yi kilomita 5. Ban cika biyu ba numfashi ya ƙare, riga ta jiƙe sharkaf, na zube kan benci ina haki, tsofaffi na wuce ni da tafiyarsu. Na ci gaba da matsa wa kaina kullum har ƙwaurina ya kama zugi. Yau kwana shida ban fita ba.

A wurin aiki ma haka take. Tun da aka ba ni ragama nake son komai ya gyaru cikin wata guda. Mutum biyu sun nemi a sauya musu sashe, sauran kuwa ina shigowa hira ke mutuwa. Wallahi gwiwata ta yi sanyi. In haƙura da duka biyun ne?

Dattijo daga titin Mansur, Makka: Wa alaikumus salam ɗana. Na daɗe ina tura alhazai a keke a wurin sa'ayi. Zuwa bakwai tsakanin Safa da Marwa ya kai wajen kilomita 3, amma wurin sassarfa ɗan tsakanin korayen fitilu ne kawai, saura duk tafiya ce. Na sha ganin samari sun ɗauko da ƙarfi tun daga Safa, a zuwa na huɗu su jingina da bango, tsohuwa da sandarta ta riga su gamawa. Nana A'isha ta ruwaito cewa aikin da Allah ya fi so shi ne wanda aka dawwama a kansa ko da kaɗan ne. Kai ka mai da hanyar duka korayen fitilu, ga jikinka ga yaranka.

Ma'aikaciyar jinya, Jidda: Yaya, ƙwaurin nan lodi ka yi masa lokaci guda. Bari zugin ya lafa, sannan ka koma kwana uku a mako: sassarfa minti ɗaya, tafiya minti biyu. In ba ka iya magana kana gudu, ka yi sauri da yawa. Ka sha ruwa, ka sa dabino a aljihu in kana shan maganin suga. In ciwon ya tsaya wuri ɗaya a kan ƙashi, koma wurin likita.

Mai gudu daga Riyad: Ɗan uwa, tun da aka fara gudun famfalaki na Riyad a 2022 nake sha'awa, amma sai da na shekara ina atisaye a Wadi Hanifa kafin na iya kilomita 10. Jagoran ƙungiyarmu ta gudu ya fi kowa gudu, amma a baya yake tsayawa, kafaɗa da kafaɗa da wanda ya fi gajiya. Ranar da na so juyawa bai yi min wa'azi ba, cewa ya yi mu kai waccan bishiyar tukuna. Da muka kai ya nuna wata.

Mai dakon kaya, Jidda: Oga, a yi min afuwa, ba duka na yarda ba. Kai ka zaɓi gudu, in ka gaji ka zauna kan benci. Yaranka ba su da benci, iƙama, wato takardar izinin zama a ƙasar, da abincin gida ke riƙe da su. Juriyar da aka ɗora wa mutum dole daban take. Gwamnati da kanta tana hana aiki cikin rana daga 12 zuwa 3, tun 15 ga Yuni har 15 ga Satumba. Ka taɓa tambayarsu wane kaya ya fi karya musu baya?

Mai tambaya: Na gode Baba, na gode ƙanwata. Malam mai dako, maganarka ta shige ni, ban taɓa tambayarsu ba. Gobe in sha Allah zan sayi shayi mu zauna kafin motar farko ta iso, in fara da mutum biyun da ke son tafiya. Asabar kuma zan koma Kornish, minti ashirin kawai.