Wace na'urar GPS ce ta dace da auna gudu a wasan allo mai filafili?

Sabon_Shiga:
Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka riga ni shiga wasan allo mai filafili, wanda iska ke turawa a kan ruwa. Agogon motsa jikin da nake ɗaurawa a hannu yakan nuna gudun da hankali ba zai ɗauka ba, musamman idan na faɗa ruwa, har ya ce na haura not 50 (not shi ne ma'aunin gudu a kan ruwa) alhali na san ko 30 ban kai ba. Shin laifin agogon ne, ko kuwa yadda nake ɗaura shi? Idan kuma zan sayi na'ura ta musamman, me ya kamata in duba kafin in biya kuɗi?

Tsohon_Hannu:
Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Abu na farko da za ka tambaya game da kowace na'ura shi ne ta wace hanya take fitar da gudu, domin hanyoyin biyu ne. Ta farko, na'urar ta ɗauki wurin da kake yanzu da wurin da kake bayan sakan ɗaya, ta raba tazarar da lokacin. Ta biyu, wadda ake kira Doppler, tana auna yadda zangon siginar tauraron ɗan'adam ke matsewa ko miƙewa sakamakon motsinka, kuma ita ce masu wannan wasa suka dogara da ita.

Dalilin a fili yake idan aka yi lissafi. Not ɗaya kilomita 1.852 ne a awa, saboda haka mai gudun not 30 yana cin kimanin mita 31 a cikin sakan 2. Idan na'urar ta kuskure wurinka da mita 3 kacal, abin da ba baƙo ba ne ga GPS, to gudun da za ta nuna zai kauce da kusan not 3, alhali sau da yawa abin da ke raba na ɗaya da na biyu a gasa bai kai rabin not ba.

Bayan wannan, ka nemi wadda ke ajiye kiyasin kuskurenta tare da kowane awo. A na'urorin kamfanin Locosys ana kiransa SDOP, a masu ƙwaƙwalwar GPS ta kamfanin u-blox kuma sAcc. Da shi ne manhaja ke gane awon bogi irin wanda kake gani lokacin faɗuwa, ta zubar da shi. Tsohuwar na'urar GT-31 ta Locosys tana ɗaukar awo sau ɗaya a sakan, agogon GW-60 sau 5, na'urar Motion kuma sau 10. A ganina, mai sayen sabuwa a yau bai kamata ya sauka ƙasa da sau 5 ba.

Mai_Lissafi:
Na yarda da bayanin da ya gabata, sai dai ina jin tsoron kada mai tambaya ya ɗauka cewa yawan awo a sakan shi ne komai. Siginar tauraron ɗan'adam ba ta ratsa ruwa, jikin mutum ma yana tare ta, don haka na'ura mai tsada da aka cusa cikin rigar ruwa za ta iya yin ƙasa da mai araha da aka ɗaura a damtse tana kallon sama. A kunna ta tun a gaɓa, a bar ta 'yan mintoci ta kama taurari sosai kafin a shiga ruwa. Wadda ke karɓar siginar taurarin Galileo na Turai ko GLONASS na Rasha tare da GPS ta fi, saboda taurarin da take gani sun fi yawa.

Sai kuma batun fayil. Sau da yawa fayil ɗin GPX ba ya ɗauke da gudun Doppler, sai manhaja ta koma lissafi da wurare ba tare da ka sani ba. Ka riƙa sauke asalin fayil ɗin na'urar, kamar SBP ko UBX, ka buɗe shi da manhajar GPSResults ko GPS Speedreader.

'Yar_Teku:
Malam, ka fara tantance abin da kake son yi da sakamakon. Idan niyyarka shiga jerin GPS-Speedsurfing ko GPS Team Challenge ce, wato shafukan intanet da ke jera masu gudu bisa sakamakonsu, ka duba na'urorin da suka amince da su tukuna, domin ba kowace suke karɓa ba. A can ba ƙololuwar gudu ta ƙiftawar ido ake girmamawa ba. Ana duba matsakaicin gudu 5 mafi kyau na sakan 10, da mil ɗaya na teku, wato mita 1852, da awa guda, da kuma alfa 500, wato tafiyar da ba ta wuce mita 500 ba, inda za ka juya ka dawo cikin mita 50 daga inda ka fara. Tarihin gudu mafi girma a duniya kuwa WSSRC, hukumar da ke kula da tarihin gudun jiragen ruwa masu filafili, ce ke tabbatar da shi a kan mita 500, kamar not 53.27 da Antoine Albeau ya yi a Lüderitz ta ƙasar Namibiya a 2015.

Sabon_Shiga:
Na gode ƙwarai. Hannun da nake ɗaura agogon, tafinsa sama yake kallo idan na riƙe sandar filafili. Wannan na iya zama sanadin?

Mai_Lissafi:
Ƙwarai kuwa, domin a irin wannan riƙon fuskar agogon ruwa take kallo, wuyan hannunka kuma ya shiga tsakaninta da sama. Ka juya shi zuwa cikin wuyan hannu, ko ka mayar da shi ɗaya hannun, sannan ka kwatanta fayil ɗin da na baya kafin ka yanke shawarar saye.